Turame Uku a Gindin Katangar Ya'u

Tun da Malam Yusha'u ya dawo daga taron bita a Katsina, mutanen Batsari ba su sake shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Bitar ba ta wani daɗe ba, amma ya dawo da jaka mai tambari, da igiyar katin shaidar nan da ake ratayawa a wuya wadda ko alwala zai yi sai dai ya juya ta baya, da kuma sabon suna. Da can Malam Yusha'u ne na aji huɗu a wata firamare. Yanzu kuwa duk wanda bai ce masa Kwansaltan ba, sai dai ya yi ta sallama shi kaɗai.

A teburin mai shayi yake zaman ofis. Nan yakan bayyana wa duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi cewa matsalar ilimi a ƙasar nan ba rashin kujeru ba ce, ba yoyon rufi ba ce, rashin shugabanci ce, kuma ta zo ƙarshe tunda Allah ya sa shi ya waye. Wata rana mai shayi ya tambaye shi wai shin mene ne aikin kwansaltan. Ya kurɓi shayi ya ce aikinsa shi ne ya gaya wa mutane abin da suke yi ba daidai ba, su kuma su gode masa. Mai shayi ya ce ai surukarsa ma aikin da take yi ke nan, kuma ba ta taɓa zuwa bita ba. Yusha'u ya ce bambancin a fili yake, ita ba ta da satifiket.

Ana nan sai wata ƙungiya mai zaman kanta ta ce tana neman kodinetan da zai riƙe mata harkar makarantu a Batsari da Safana, da ofis da babur sabo fil. Yusha'u bai ma jira an kira shi ba. Ya je ya yi wa hedimasta ban kwana a gaban malamai, ya ce alli ya yi masa kaɗan, ya kuma tsaya ya ba shi shawarwari kyauta kan yadda ake tafiyar da makaranta. Hedimasta ya yi godiya ƙwarai, kafin azahar ya ɗora wani a ajin. Ke nan in bai samu aikin kodinetan nan ba, ba shi da sauran wurin zuwa da safe.

Jami'ar ƙungiyar, Hajiya Mahfuza, mace ce da ba ta ɓata yawunta. Ta saurare shi har ya gaji don kansa, sannan ta ce ita a aikace take gwada mutum. Akwai wani ƙauye gaba da Zakka, Unguwar Gawo, da rugar Fulani a gefensa. Yaran rugar ba sa isa makaranta sai rana ta take, don safiyarsu ta tatsa ce da kora shanu. Ƙungiya na so a ware musu darasin yamma, manoma kuwa sun ce ba su san zancen ba, duk abin da za a yi a raba daidai. Ta ce ya je ya tara ɓangarorin biyu, ita za ta zauna gefe tana kallo. In suka yarda, aiki nasa ne.

Yusha'u ya yi dariya har da dukan cinya. Ai wannan shi ne ainihin darasin da aka haska musu da majigi a bita: mutum uku, dogo da matsakaici da gajere, tsaye bayan shinge suna son kallon ƙwallo. In aka ba kowa akwati ɗaya ya taka, gajere ba ya gani. In aka karɓi na dogon aka ƙara wa gajeren, kowa ya gani. Na farko raba daidai, na biyu adalci. To, Unguwar Gawo ba lantarki balle majigi, don haka ya yanke shawarar zai yi nasa da mutane masu rai, a maimakon akwatuna kuma turame.

Ranar taro ya riga kowa isa. Ya bi gidan wata dattijuwa, Gwaggo Saude, ya ari turame uku, nata da na maƙwabta, bisa alkawarin za a ɗauke su hoto a kai Abuja. Ta ba shi, amma ta ce turmi ba abin hawa ba ne, ita tun tasowarta ba ta ga wanda ya taka shi ya sauko da mutuncinsa ba. Ya ce mata irin wannan tunanin ne ya zo ya gyara.

An shimfiɗa tabarmi a inuwar wata darbejiya, jikin katangar gidan Ya'u mahauci. Ya'un nan tsohon ɗan dambe ne, ƙato, wanda in ya yi tari a majalisa sai kowa ya gyara zama. Kullum zancensa guda, cewa mazan yanzu sun lalace, shi kuwa tunda aka haife shi bai taɓa riƙe muciya ba, ko madafi bai san ta inda ake shiga ba. Katangar tasa ta jar ƙasa ce, ta sha ruwan damina har ta ƙoshi.

Mai Unguwa ya zo da dattawansa, gajere ne ƙwarai, rawaninsa ya kusa rabinsa. Ardo ya zo da mutanen ruga, dogo siriri, da malfa da sanda. Ga Umar Faruk, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Mata suka tsaya can gefe wajen Gwaggo Saude, wadda ta biyo turamenta. Hajiya Mahfuza ta samu kujera ta zauna. Aka gaisa, aka tambayi gida da gona da shanu, aka sake gaisawa.

Yusha'u ya miƙe ya gyara igiyar wuyansa zai fara ke nan, sai Mai Unguwa ya ɗaga hannu. Ya ce kada a wahalar da baƙi, ai su sun riga sun gama magana da Ardo tun bayan sallar Juma'a. Yaran ruga za su yi darasin yamma, ɗan manomin da aikin gona ya riƙe shi da safe shi ma ya bi su. Ardo ya gyaɗa kai. Dattawa suka ce haka aka yi. Hajiya Mahfuza ta yi murmushi, ta fara mayar da wayarta cikin jaka.

Wani mai rabo da nan ya yi addu'a ya shafa, ya tafi karɓar makullin babur. Shi kuwa Yusha'u ji ya yi kamar an ƙwace masa akushi yana tsakiyar ci. Ya yi ta bitar jawabin nan a gaban madubi, ya ɗauko turame uku a ka ɗaya bayan ɗaya, sannan a ce wai an gama ba da shi ba?

"Ranka ya daɗe, ba a yarda haka da ka," in ji shi. "Sai an fahimta tukuna."

Hajiya Mahfuza ta ce, "Malam Yusha'u, ai sun yarda."

"Da baki suka yarda, Hajiya. Ni ƙwaƙwalwa nake nema. Yardar da ba ta bi ta hannun ƙwararre ba, ba ta ɗorewa."

Ya sa aka kife turamen a gindin katanga, ya ce Ardo ne dogo, Umar Faruk matsakaici, Mai Unguwa kuma, da ya ga ya kusa yin saɓo, sai ya ce shi ne wanda Allah ya tara wa girmansa wuri ɗaya. Kowa zai hau turmi ya leƙa.

Nan fa wuri ya ɗauki guna-guni. Wani dattijo ya ce wannan katangar gidan mutum ce mai iyali, kuma mutumin ma Ya'u. Yusha'u ya ce ai ya bincika, kwansaltan ba ya aiki da ka. Ya nuna ƙofar gidan, ga ƙaton kwaɗo a garƙame. Umar Faruk ya ce gaskiya ne, tun da asuba Ya'u ya shaida wa jama'a zai kai iyali biki Safana. Wani ya ce to amma ga hayaƙi can yana tashi daga cikin gidan. Yusha'u ya dubi hayaƙin da idon masana, ya ce na jiya ne bai gama fita ba.

Ardo ya rasa yadda zai yi. Hawa turmi abin kunya ne, ƙin maganar baƙo a gaban jama'a kuma ya fi. Ya miƙa wa wani sandarsa, ya tuɓe takalmi, ya hau kamar mai hawa gadon asibiti. Umar Faruk ya hau nasa. Aka tallafa wa Mai Unguwa ya hau na uku.

Kan Ardo ya wuce katanga da kusan kamu guda. Ya duba ciki sau ɗaya, sai ya sa hannu a hankali ya jawo malfarsa har ta rufe masa hanci. Umar Faruk, wanda idanunsa suka tsaya daidai bakin katangar, ya leƙa, ya yi wani irin sauti, ya cusa bakin rigarsa a baki, kafaɗunsa suka shiga rawa.

"Ranka ya daɗe, me kake gani?" in ji Yusha'u.

Mai Unguwa ya ce, "Ƙasa nika gani, sai wani ƙadangare."

Yusha'u ya juyo wajen jama'a yana walƙiya. Ya ce to ga raba daidai nan, kowa turmi ɗaya, amma shugaba guda ya tashi da ƙadangare. Ya tambayi Ardo shi kuma me ya gani. Daga ƙarƙashin malfa Ardo ya ce bai ga komai ba, kuma yana so ya sauka. Yusha'u ya bayyana wa taro cewa haka ilimi yake, in ya shigi mutum da ƙarfi sai ya rufe fuska. Ya nuna Umar Faruk da hawaye ke bin kumatunsa, ya ce a duba yadda darasi ya taɓa zuciyar bawan Allah, a Katsina ma sai da wata mata ta yi kuka.

Aka zo mataki na biyu. Ardo ya sauka, ya juya wa katangar baya tun ba a ce masa ba. Aka ɗauki turminsa za a ɗora kan na Mai Unguwa. Gwaggo Saude ta ɗaga murya ta ce ƙaramin na maƙwabciyarta ne, gindinsa ya cinye, ba ya zama. Ba wanda ya kula ta, don a lokacin Mai Unguwa da kansa ya matsu. Ya ga fuskar Ardo, ya ga ta Umar Faruk, ga shi shi ne mai gari amma shi kaɗai bai san abin da ke cikin garinsa ba. Ya ce a ɗora shi. Majiya ƙarfi suka cicciɓe shi suka dasa a kan turame biyu, suka riƙe ƙafafunsa, rawani na lilo.

Ya kama bakin katanga ya leƙa. Can sai aka ji ya yi salati ƙasa-ƙasa, ya ɗaga hannu ɗaya kamar mai ba wani haƙuri, ya ce a sauke shi maza. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya jawo Yusha'u gefe.

"Malam, na fahimta. Wallahi na fahimta, har na waɗanda ba su zo ba na fahimtar musu. Mu tashi mu koma ƙofar masallaci."

Hajiya Mahfuza ma ta miƙe ta ce ya isa haka, an gode. Sau biyu ke nan babur na zuwa har gabansa yana durƙusawa. Amma Yusha'u ya ji daɗin kansa ya kai masa ko'ina, ga kuma mataki na uku, wanda a cewarsa ko a bitar ma mutum biyu ne suka gane shi, shi da wanda ya koyar.

Ya ce a bar turamen yadda suke. Ya tattare babbar riga, ya haye biyun nan da kansa, ya ƙi a riƙe shi. Ya juya wa katanga baya ya fuskanci jama'a, ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, ƙaramin shugaba shi ke raba turame. Babban shugaba kuwa tambaya yake yi: ita katangar, wa ya ce a gina ta? Ni Yusha'u na zo ne in kawar da duk wata katanga da ke tsakanin..."

Turmin maƙwabciya ya gaji. Ya goce gaba, Kwansaltan ya tafi baya da dukan nauyinsa, ya dafe katangar da gadon bayansa. Ita kuwa dama neman dalili take. Ta yi wani nishi, ta kwanta cikin gidan gaba ɗayanta, da shi a kai.

Da ƙura ta lafa, duk Unguwar Gawo da rugarta suna kallon tsakar gidan Ya'u. Ga Ya'u nan tsaye a gaban murhu, tsohon ɗan dambe, dodon majalisa, ya yi ɗaurin ƙirji da zanin atamfa mai furanni, jaririya na barci a bayansa, hannunsa riƙe da muciya cikin tukunyar tuwo. Can gefe a kan tabarma matarsa Hansai ce zaune ta miƙe ƙafa, hannu da ƙafa duk a ƙunshe cikin lalle. Ashe bikin sai gobe. Ya garƙame ƙofa ta waje ne ya hauro ta baya, don ya riƙe mata gida har lallen ya kama ba tare da wani ya sani ba. Kawuna uku sun ɓullo masa ta saman katanga ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai Ya'u ya nuna shi da muciya ya yi masa alamar yanka, bai kuwa iya barin wurin ba don tuwo ya kai inda ba a barinsa.

Hansai ce ta fara magana. Ta ja mayafinta da gwiwar hannu, ta ce wa mijinta, "Malam, tuƙa mana, kar shi yi gudaji."

Wata daga cikin mata ta rangaɗa guɗa. Umar Faruk ya saki rigar da ke bakinsa ya faɗi ƙasa yana birgima. Gwaggo Saude ta matso ta leƙa tukunyar, ta ce tsakani da Allah wannan tuƙin ba na ɗan koyo ba ne, matar ɗanta ma ba ta kai nan ba.

Ko a nan da Yusha'u ya yi lamo a cikin ɓaraguzai kamar ya suma, da wataƙila an tausaya masa. Ina! Ya ɗago kai, jar ƙasa har cikin kunne, ya ga abin da kowa ya gani, sai ya ga dama ta samu. Daga kwancen ya ce jama'a su tafa, ga zakaran adalci a cikin gida nan Allah ya tona musu, dama abin da ya shirya nunawa ke nan. Ya ce Hajiya ta yi sauri ta ɗauki hoto, wannan har a allon talla na bakin hanyar Katsina sai an kafa shi.

Kalmar hoto ce ta tsinke wa Ya'u igiya. Ya zaro muciya da tuwo mai tururi a jikinta, ya taho. Bai iya gudu ba saboda goyo, sai ya taho a sannu yana ɗan jijjiga jaririyar, abin da ya sa tahowar ta fi ban tsoro. Kafin maza su riƙe shi, su ma a hankali don kada a tashi yarinya, ya samu ya shafa wa Kwansaltan muciya ɗaya lafiyayya a ƙeya. Yusha'u ya yi ƙarar da ba a koyar da ita a bita ba.

Ardo ya karɓi sandarsa ya sa takalmi. Ya matsa kusa da Mai Unguwa, ba tare da ya ɗaga ido ba ya ce in manyan boko haka suke leƙa gidajen mutane su kuma rushe, to shi bai san abin da za a koya wa ƙanana da yamma ba. Maganar Juma'a a ajiye ta tukuna, sai ya sake shawara. Ya juya, mutanensa suka bi shi a jere. Hajiya Mahfuza ta saɓi jakarta ta bi bayansu da sauri tana ba da haƙuri.

Yusha'u ya tashi yana ɗingishi ya tare ta, hannu ɗaya dafe da ƙeya. Ya ce ya san an ɗan samu tangarɗa a ɓangaren kayan aiki, amma dai ta ga yadda saƙo ya shiga, yaushe zai zo karɓar makulli?

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Malam Yusha'u, na zo na tarar da mutane sun shirya kansu. Ka raba su, ka rushe gida. Ofishin namu haya ne, ba mu da halin sake gini. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ta wuce. Ya tsaya yana kallon bayanta. Ba aji, ba ofis, ba babur, kuma labarin nan zai riga shi isa Batsari.

Mai Unguwa ya kira shi, don shari'a ba ta jira. Aka zauna nan bakin ɓaraguzan. Mai Unguwa mutum ne mai tsoron Allah, ya ce laifin nan su huɗu suka yi shi, shi da Ardo da Umar Faruk da baƙo, saboda haka za a raba katangar gida huɗu, kowa ya gina kashinsa. Yusha'u ya ji ɗan sanyi a ransa, har ya fara cewa wannan hukunci ya yi daidai da tsarin zamani.

Ya'u ya gyara goyonsa. Ya ce shi fa duk karatun nan a kunnensa aka yi shi, katanga kawai ke tsakani, kuma ba abin da ya wuce shi.

"Ranka shi daɗe, wanga da ka yi shi ne raba daidai, malam kuwa ya ce ba shi da kyau. Adalci aka ce, a ba kowa gwargwadon buƙatarsa. Kai kana da sarauta, Ardo na da shanu, Umar Faruk na da gona. Duk wurin nan mutum ɗaya ne ba shi da aikin yi. A tattara a ba shi duka."

Dattawa suka dubi juna, suka ce wallahi Ya'u ya fi kowa gane karatun. Aka ƙara da sharaɗin tsawo: sai ta kai inda ko Ardo ya hau turmi biyu ba zai ga komai ba. Yusha'u ya buɗe baki zai yi gyara, ya laluba darasin daga farko har ƙarshe, ya rasa inda Ya'u ya yi kuskure.

Aka miƙo masa fartanya, aka nuna masa hanyar kududdufin da ake ɗebo jar ƙasa.